Lambar da Muka Ɓoye wa Masu Ita

Ku da kuka zauna da Kawu Ilu kun san ba a tambayarsa adadin komai a samu amsa. 'Ya'yanka nawa, Kawu? Alhamdu lillahi. Buhu nawa aka samu bana a gonar Sandamu? An gode Allah. Idan kuwa tsautsayi ya sa ka tambaye shi yawan tumakin da ke garkensa, sai ya dube ka daga hula har takalmi ya ce, "Kai za ka ba su dusa?" A wurinsa duk abin da baki ya ƙirga an kwashe masa albarka. Ƙanin mahaifiyata ne, dillalin dabbobi a kara tun kafin a haife ni. Shekara nawa ya yi a sana'ar, wannan sai dai ku tambayi wanda ya fi ni sa'a.

Akwai ranar da na raka shi asibiti saboda ciwon gwiwa. Ma'aikaciyar da ke cike kati ta tambaye shi shekarunsa, ya ce ta rubuta ya girmi babanta. Ta ce masa gurbin lamba yake so, ba labari ba. Ya ce to ta sa na babanta ta ɗan ƙara. Haka kuwa aka yi. Har ya rasu da shekarun wani bawan Allah da bai taɓa gani ba yake karɓar magani.

Da wayar hannu ta shigo Daura yana cikin na farkon saye a unguwarmu. Ya sa aka ɗinka mata jakar fata, ya rataya a wuya, sannan ya hana kowa lambar, har Inna Hajo matarsa. Bayan sati biyu na same shi a zaure ya tasa wayar a gaba, yana ta ƙorafi wai zumunci ya mutu, ko mutum ɗaya bai kira ya gaishe shi ba. Na ce Kawu, ta ina za su kira ka alhali ba ka ba su lamba ba? Ya ce, "Mai son ka da gaske zai nemo."

Na san abin da kuke jira. Kuna jiran labarin ranar da ya kai kwamfuta Katsina a duba masa lamba. Kun sha jin sa a majalisa, wasunku ma daga bakinsa. Zan bayar, amma ta inda ba ku taɓa ji ba. Rabin da kuka sani nasa ne. Rabin da ba ku sani ba nawa ne, kuma ba shi da daɗin faɗa.

Ni Nasiru wata uku na yi a wata makarantar koyon kwamfuta a Kano. Na dawo da takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe da kuma tafiya irin ta wanda ya dawo daga ƙasar waje. Abin da na iya tsakani da Allah guda biyu ne: buga rubutu, da haɗa katin gayyatar aure mai furanni. Amma da Kawu ya tambaye ni ko na iya abin sosai, sai na ce masa ciki da waje. Ya sayar da bijimai, ya kama mini shago a kan hanyar Kusugu, ya zuba kwamfuta huɗu da firinta da janareta. Wani kamfanin intanet daga Katsina suka zo suka kafa mana faranti a kan rufi, suka ajiye wani ɗan akwati mai fitilu a ƙarƙashin tebur, suka yi 'yan danne-dannensu ina tsaye ina gyaɗa kai kamar ina duba musu aiki. Daga ranar Kawu ya raɗa mini Injiniya, gari kuma ya ɗauka.

Sharaɗi biyu ya kafa mini. Na farko, lokacin shari'ar Musulunci ta zauna a jihar, ana sa ido sosai a kan irin waɗannan shaguna, don haka ya ce kowane allo ya fuskanci ƙofa, shi kuma duk ranar da ba kasuwa yana kan benci a bakin ƙofar da carbinsa. Na biyu ya faɗa ne yana murmushi, amma na san shi. Ya ce ranar da ya gane ban iya ba, na san hanyar gonar Sandamu, kuma fartanya ba ta neman takardar shaida. Ni kuwa duk duniya ba abin da nake tsoro kamar in koma gona bayan an fara shimfiɗa mini tabarma a majalisa ana cewa a bari Injiniya ya yi magana.

Wata bakwai asirina a rufe. Intanet na tafiya da kansa, ni kuma ina karɓar yabo. Sai wata Litinin, a satin da ake rufe rajistar jarrabawar shiga jami'a, sabis ya ɗauke ɗif. Ranar Juma'a za a rufe, ga takardun ɗalibai da hotunansu jibge a kan teburina, iyayensu sun kawo saboda sun yarda da shagon Kawu Ilu. Na kashe na kunna. Na zare waya na hura mata iska na mayar. Iyakar injiniyancina ke nan, kuma bai yi aiki ba.

Na ɗauki wayar shago na kira kamfani. Wata mata ta ɗauka, ta saurare ni da haƙuri, sannan ta ce in karanto mata lambar IP ɗinmu. Na ce na'am? Ta maimaita. Wallahi na taɓa jin sunan a aji, ranar da nake gyangyaɗi a layin baya, amma inda lambar take da yadda ake fito da ita, ko da wuƙa aka ɗora mini a wuya ban sani ba. Ga Kawu a bakin ƙofa, carbi ya tsaya, kunne ya miƙe, don ya ji an ambaci lamba.

Ya ce, "Me suke nema?"

A nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Kalma uku ce. Sai na rufe bakin wayar da tafin hannu, na sassauta murya na ce, "Kawu, lambar sirrin shagon nan suke so in ba su."

Ya taso, ya karɓi wayar, ya kashe ta, ya sa a aljihu. Faɗuwa ta zo daidai da zama, na samu wurin ɓuya a bayan halinsa. Kuma da yake ƙarya ba ta tsayawa ita kaɗai, sai na shiga yi mata gini. Na ce duk wanda ya riƙe lambar nan zai ga abin da ke cikin shagon yana zaune a Katsina. Na ce zai san gidanmu. Da na ga yana gyaɗa kai sai na ƙara da cewa akwai wani a Kano da ya bayar da tasa, bai kwana biyu ba aka kwashe masa komai. Wane ne, a wace unguwa, ni ma a lokacin na fara jin labarinsa.

Niyyata ita ce idan Kawu ya tafi sallar la'asar in kira wani abokin karatuna ya koya mini, in gyara, in ce na ci ƙarfin abin ba tare da na ba su komai ba. Ban yi lissafi da Kawu ba. Ya ce tunda haka ne, a kashe kwamfutocin duka, don abin da ke kashe ba ya magana. Ya aika gida aka kawo tsofaffin zannuwan Inna Hajo, ya lulluɓe kowace ɗaya, ya kulle shago, ya zura makulli a jakar wayarsa ta wuya. Ramin da na haƙa don in ɓuya, ni aka fara binnewa a ciki.

Ranar Talata kamfanin suka kira da kansu don su ji ko matsalar ta warware. Kawu ne ya ɗauka. Ya tambayi mai maganar 'yar gidan wa ce, a wace unguwa, wa ya san babanta a kara. Da ta ce ita dai ma'aikaciya ce, lamba kawai take so ta taimaka mana, sai ya ce mata shi a sana'arsa ko akuya ba ya karɓa daga hannun wanda bai ga idonsa ba, sai in akwai wanda ya tsaya masa. Ya yi mata sallama da mutunci, ya kashe.

Emeka, mai sayar da kayan gyaran babur a shagon da ke jikin namu, shekara da shekaru suna shan shayi tare da Kawu. Ya leƙo ya ga kwamfutoci a lulluɓe kamar masu jego, ya tambayi ba'asi. Da ya ji sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba su abinsu. Ƙanina yana da irin wannan shago, kullum suna tambaya, ba komai." Kawu ya nuna ni da carbi ya ce ga wanda ya yi karatun abin nan a Kano, shi ya ce akwai haɗari, shi kuwa Emeka ya tsaya a kan fulogi da zoben fistin. Emeka ya dube ni. Na dubi ƙasa, na ce ai shagon ƙanin nasa wataƙila wani iri ne. Har yau idan na tuna kallon da Emeka ya yi mini sai in ji kunya ta kama ni sabuwa fil.

Zuwa Laraba abin ya daina zama wasa. Ɗalibai na zuwa suna komawa. Sauran shagunan intanet na gari ba su da yawa, kuma layi ya cika su har titi. Wani dattijo ya zo daga wajen Dutsi a kan keke, ya ce shi 'yarsa ce ta farko a gidansu da za ta zauna wannan jarrabawa, don Allah kada a sa ta rasa shekara. Na ce masa in sha Allahu. A ranar ko tuwo kasa ci na yi. Sau uku ina buɗe baki in gaya wa Kawu gaskiya, sau uku ina hango kaina da fartanya a kafaɗa ana cewa ga Injiniya can zai tafi duba gero, sai in haɗiye.

Bayan magariba ya kira ni zaure. Ya ce ya yi tunani. Ba zai faɗi lamba ta waya ga muryar da bai san mai ita ba, kuma ba zai bar 'ya'yan mutane su yi asara ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Gobe da asuba za mu Katsina, ya ga idonsu, idan mutanen kirki ne a buɗe lambar a gabansa, hannu da hannu. Sannan ya tambaye ni a cikin wanne daga kayan lambar take zaune, don a ɗauka.

Na dubi kayan a zuciyata. Na tuna cewa duk abin da na taɓa gani a kwamfuta a kan allo na gan shi. Na ce a cikin allon take.

Waɗanda suka san allon kwamfuta na wancan zamani sun san ba irin falle-fallen yanzu ba ne. Ƙaton abu ne mai ƙeya kamar tulu. Muka naɗe shi da zanin Inna Hajo muka nufi tasha. Direba ya ce a sa a but, Kawu ya ce amana ba ta shiga but, a kan cinyar Injiniya za ta zauna. Haka na rungume shi tun daga Daura. Kafin mu wuce kwanar Dutsi ƙafafuna sun mutu. Duk ramin da mota ta faɗa sai ƙeyar abin ta daki haƙarƙarina, Kawu kuma yana gefe yana cin goro, yana gaya wa fasinjoji cewa yaron nan da suke gani injiniya ne.

A ofishin kamfanin aka kai mu wurin wata matashiya mai suna Bilkisu, ashe ita ce mai muryar. Ita ce injiniyar gaske, amma ba wanda na ji ya kira ta da sunan. Kawu ya gaishe ta, ya ƙare mata kallo irin wanda yake yi wa mai kawo dabba kasuwa, ya tambayi asalinta. Allah ya taimake mu ya san wani kawunta da ke harkar fatu. Sai ya ce to yanzu magana ta yi, ya sa na ɗora kayan a kan tebur na kwance zani. Ya ce ga lambar nan a ciki, a buɗe a gabansa.

Baiwar Allah nan ta dubi allon, ta dube ni, ta kai gefen mayafinta baki ta yi tari. Tana da tarbiyya, don ni da ni ne da na faɗi ƙasa da dariya. Ta ce, "Baba, wannan gilashi ne kawai, ba ya riƙe komai. Lambar tana tare da ɗan akwatin nan mai fitilu da muka ajiye muku a ƙarƙashin tebur." Sannan ta danna wani abu, ta juyo da allon gabanta wajenmu. Ga sunan shagonmu, ga wasu lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Ta ce wannan ita ce lambar tamu, su suka ba mu ita ranar da suka kafa faranti, kuma duk abin da ya shiga shagonmu ko ya fita ta intanet da ita yake gane hanya.

Kawu ya matsa kusa, ya daɗe yana kallon lambar. Ya ce to tunda tana hannunsu, tambayar me suke yi? Ta ce so take ta ji ko wadda ke kan na'urarmu ta yi daidai da wadda ke wurinsu, don idan wuta ta yi wasa akwatin yakan manta saitinsa, kuma da ta ji sun bambanta ta san ciwon.

Kawu ya jingina da kujera. Ya ce, "Wato kamar mutum ne ya tsaga kunnen tunkiyarsa ya ba ka kiwo. Ta ɓata, ya ce faɗa mini shaidar da ke kunnenta in taya ka nema, kai kuma ka ce sirri ne." Ta ce haka yake, Baba. Ya ce, "Kwana uku muna ɓoye wa mai tunkiya kunnen tunkiyarsa."

Amma Kawu ba ya sakin ciniki da wuri. Ya tambaye ta idan baƙo ne ya samu lambar fa, zai ga cikin shago, zai san gida? Ta ce a'a, iyakarsa ya yi hasashen gari da kamfanin da ke ba mu sabis, ba ta buɗe ƙofar komai ita kaɗai. Duk da haka ta ce bai yi laifi ba da ya ƙi sakin jiki da muryar da bai sani ba, don akwai masu kira da sunan kamfani alhali ƙarya ne, kuma idan ya yi shakka ya kashe ya kira lambar ofis da kansa. Kawu ya dube ni da alfahari, kamar an ba shi sarauta. Sai ta ƙara da cewa abin da ba a ba kowa, ko su kansu, shi ne kalmar sirri, wadda ake shiga akwatin da asusun shago da ita. Wannan ce makulli.

Kawu ya ce, "Injiniya, tamu tana ina?"

Tamu tana jikin bango. Na rubuta ta da jan alƙalami mai kauri a kan kwali, baƙaƙe manya-manya, na manna a saman firinta don kada in manta. Wata bakwai duk wanda ya shigo shagon ita yake fara gani. Kawu da ba ya karanta boko ya ɗauka lambar rajistar shago ce, har yakan sa a goge mata ƙura. Da na faɗa, Bilkisu ta sake yin tari, wannan karon ya daɗe.

Da ta nutsu sai ta yi tambayar da nake gudu tun Litinin. Ta ce wai don Allah wa ya ce musu lambar haɗari ce, wa kuma ya ce a cikin allo take? Akwai wasu ma'aikata biyu da suka bar aikinsu suna saurare. Na ce a raina shi ke nan, gona ta kira.

Kawu ya gyara zaman hularsa ya ce, "'Yata, ni na karɓe wayar na kashe. Ni na hana a kunna na'ura. Ni na ce a zo Katsina. Kowa a Daura ya san halina a kan lamba, tambayi duk wanda kika ga dama." Ku lura, ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki. Ya dai zaɓi gaskiyar da zai faɗa ne, ya bar sauran a aljihu. Suka yi dariya irin wadda ake yi wa tsoho mai rigima, shi ma ya taya su.

Sannan ya ce mata yana da roƙo. Ta nuna masa yadda ake fito da lambar nan, da yadda ake canza kalmar sirri, da abin da ake yi idan akwatin ya manta saitinsa. Ya ce ta bi a hankali, yadda za ta koya wa wanda bai san komai ba, don shi kansa ya tsufa. Ya juyo ya ce, "Nasiru, idona ba ya gani sosai. Rubuta mini." Mutumin da ko sunansa ba ya rubutawa da boko. Ta yi bayani dalla-dalla, yana cewa ta maimaita, ni kuma ina rubutawa. Shafi huɗu na cika. Abin da na koya a wannan zama ya fi na wata ukun Kano.

A hanyar dawowa allon ya koma kan cinyata. Kawu yana ta cin goronsa har muka fara hango Daura. Ni na kasa haƙuri, na ce a hankali, Kawu, yaushe ka gane?

Ya ce ranar Litinin ya yarda da ni, don na faɗa masa abin da kunnensa ke so. Ranar Talata ya fara shakka, saboda a kara duk wanda ya cika bayani a kan lafiyar ragonsa, ragon na tari. Ranar Laraba da ya ga na bar tuwo ya tabbatar. Na ce to me ya sa bai yi magana ba, muka ɗauko wannan kaya har Katsina? Ya ce jira yake in ce ban sani ba da bakina, ya ba ni kwana uku ban ce ba, kuma 'ya'yan mutane ba za su jira girman kaina ba. Amma allon, ya ce, tun a zaure ya san ba komai a ciki, don ya ga idona lokacin da nake zaɓa.

"Na dai ga ya kamata ka ji nauyin abin da ka faɗa," in ji shi. "Yaya cinyar?"

Na ce ta mutu. Ya ce za ta tashi.

Kafin la'asar muka isa. Na yaye zannuwa, na bi shafukana layi-layi, na kira Bilkisu na karanta mata lambar da ƙarfi kamar mai kiran salla. Ba ta yi daidai da tasu ba, ta gaya mini abin da zan danna, fitilu suka koma kore. Ko shan shayi ba a gama a lokacin da abin ya ɗauka. Na ɓalle kwalin nan daga bango na yayyaga. Daga yammacin nan zuwa hantsin Juma'a muka shigar da kowa, har da 'yar dattijon Dutsi, wanda ya riƙe hannuna biyu yana cewa Allah ya ƙara ilimi, Injiniya. Na ce amin, kuma ban taɓa faɗin amin da gaske kamar ta ranar ba.

Maganar gona ba ta sake tashi ba. Abin da ya tashi shi ne labari. Direban motar ya baza a tasha, Emeka ya ɗauka, majalisa ta karɓa: Kawu Ilu ya lulluɓe kwamfuta da zanin matarsa ya kai ta Katsina don kada a ji lambarsa. Shekaru ana ba da shi. Yara na tsokanarsa a hanya suna tambaya ko yau ma za a Katsina. Shi kuwa maimakon ya musa, har ƙara masa gishiri yake yi, ya ce ai sai da ya nemi a kawo alƙali ya shaida. A kowane bayarwa ni ne yaron kirki mai ilimi da tsoho ya ƙi jin maganarsa. Ina zaune a wurin, ana dariya, ina taya su. Emeka kaɗai yakan dube ni ta gefen ido, shi ma bai taɓa cewa komai ba.

Wannan abu ya daɗe yana ci na. Na ji daɗin rufin asirin, ba zan ɓoye ba, amma duk dariyar da aka yi masa sai in ji kamar ni na tura shi cikin kasuwa ba riga. Lokacin da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi, na je na zauna a bakin gadonsa wata safiya, na ce Kawu, zan gaya wa mutane gaskiyar maganar Katsina, ya isa haka. Ya buɗe ido da ƙyar, ya harare ni.

Ya ce, "Kada ka kuskura ka ɓata mini labari. Shi kaɗai ne ake ba ni shayi kyauta a kansa." Ya maida numfashi, sannan ya ce, "Kai kana da iyali da shago, sunan yana maka amfani. Ni me zan yi da shi? Bari sai na tafi, in ka ga za ka iya."

To ya tafi, kuma ga shi na iya, ko da yake sai da na ɗauki lokaci. Wanda bai san lamba ba ni ne. Wanda ya ƙirƙiro mutumin Kano ni ne. Shi dai ya tsaya a gabana ne aka yi ta jifansa da dariya har ƙarshen ransa, don kada ta same ni.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya suturta ni a gaban mutane, ya Allah ka suturta shi ranar da ba mai tsaya wa wani. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.